Gudun Bassu Kafin Duhu Ya Rufe

Bassu mijin yayata Tuda ne, kuma a ƙauyenmu babu wanda bai san shi da gudu ba. Tun yana kiwon awakin mahaifinsa a gindin dutse, in akuya ta ɓalle ba ya jifanta, binta yake yi har ta gaji ta tsaya. Da ya girma, ranar kasuwar Tazarin mutane na tsaye bakin hanya suna jiran mota, shi sai ya ɗaure rawaninsa a ƙugu ya kama hanya, su iske shi a can ya riga ya sha shayi. Dogo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ni da nake ƙanin matarsa nakan tsokane shi in ce Allah ya kwashe rabon bakinsa ya zuba masa a sawu.

Sana'arsa kafa tantuna. Duk shekara in sanyi ya wuce masu tseren sahara suka zo, yana cikin leburorin da ke kwance baƙaƙen tantunan gashin akuya da sassafe, su loda a manyan motoci, su je gaba su kafa kafin 'yan tsere su iso. Yana ganin mutanen ƙasashe masu nisa suna shigowa sansani da ƙafafu a kumbure, wasu har da kuka. Masu shirya tseren kan ba leburori gurbi ɗaya na shiga tseren kyauta, kuma kowa ya san Bassu ya fi cancanta, amma kullum amsarsa ɗaya ce: "Baɗi, in Allah ya kai mu." Wata shekara Tuda na da tsohon ciki, wata shekara rufin ɗaki ya rufta, wata shekara dabino ya ƙi.

Abin ya fara da dundumi. Da magariba ta yi sai ya shuri butar shayi, ko ya taka kyanwa, ko ya miƙa hannu yana laluben ƙofar da ya yi shekaru yana shiga. Muna dariya, Tuda ba ta dariya, don ta san mahaifinsa da ido a rufe ya rasu. Ita ta matsa har na kai su wurin likitan ido a Warzazat. Likitan ya daɗe yana haska masa fitila, sannan ya ce ciwon na gado ne, ganin yana tsukewa ne daga gefe zuwa tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin kara, kuma haka zai yi ta tsukewa. Bassu ya tambaya ko akwai magani. Likitan ya dafa kafaɗarsa ya girgiza kai.

Daga ranar Bassu ya jingina da bangon gidansa. Ya daina fita kasuwa, ya daina zuwa hira. In 'yarsu Izza ta kawo masa abinci sai ya ce ta ajiye, ƙudaje su gama da shi. Wata safiya Tuda ta shigo gidanmu ko mayafi ba ta gyara ba.

Ta ce, "Ishu, a bakin tsohuwar rijiyar gonar dabino na same shi. Ya cire takalmansa ya jera su gefe. Yana zaune ƙafafunsa na lilo a ciki."

Na ce, "Yaya, wataƙila iska yake sha."

"Kai ma ka san ƙarya kake. Mutumin nan zai tafi ya bar ni. Tashi ka tayar da motarka."

A tsohuwar a-kori-kurata muka je wurin Mbarak, shugaban leburorin tanti, abokin Bassu tun ƙuruciya. Tuda ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce gurbin bana na mijinta ne. Mbarak ya sosa gemu ya ce ya ji labarin idon. Ta ce, "Ka ji a bakin wa? Da rana yana ganin allura a cikin rairayi. Kai dai ka ba da sunansa, ka ja bakinka." Likitan tseren kuwa zuciya da numfashi kawai ya auna, ya ce wannan ƙirjin na doki ne.

Da aka gaya wa Bassu, sai ya ce wa Tuda, "Kin haɗa ni da abin da zai kunyata ni a gaban duniya."

Ta ce, "Gara ka ji kunya a tsaye, Baban Izza."

Washegari da hantsi na ga ƙura a hanyar busasshen kogi. Shi ne, yana gudu.

Wadda ta tayar da ƙayar baya ita ce mahaifiyarsa, Inna Ittu. Ta ce Tuda so take ta kashe mata ɗa. "Raƙumi ma da ke da ƙafa huɗu da ido biyu sai an ja shi a wancan jejin!" Tana wannan faɗan tana soya gari, tana daka shi da riɗi da almond da zuma, tana cura masa dunƙulen da muke kira sallu, ƙanana yadda za su shige jaka. Tuda ta yanka tsohuwar rigarta ta ɗinke bakin takalmansa da ita har idon sawu don kada rairayi ya shiga. Ni aikina bin sa da mota in yana atisaye, ina danna masa hon ina ce masa jakin Baba ma ya fi shi sauri. Da ranar tafiya ta zo, Inna Ittu ta riga kowa hawa motar, da butarta da gawayinta. Ta ce in za a ɗauko gawar ɗanta, a gabanta za a ɗauko.

Dokar tseren mun san ta. Kusan mako guda ana gudu, kowa da abincinsa a bayansa, ruwa kaɗai ake ba su a tashoshi. Dangi ba za su miƙa wa mutum ko ƙwayar dabino ba, ba za su taɓa shi ba. A can baya kuma akwai raƙuma biyu masu tafiya a hankali, duk wanda suka wuce ya fita daga tseren. Mu muna bin wata hanyar ta gefe, mu yada zango nesa da sansani, da yamma mu zo bakin igiyar da aka kewaye wurin da ita mu gaisa da shi.

Kwanakin farko sai muka fara sa rai. Tun kafin la'asar yake shigowa. Amma da ya matso kusa da igiyar sai ka ga abin da hanya ta yi masa. Tunda abin da ke gabansa kaɗai yake gani, in ya dubi alamar hanya ba ya ganin dutsen da ke ƙarƙashinsa, in ya dubi dutsen ya rasa alamar. Gwiwoyinsa duk sun sale, tafin hannunsa ya yage, farcen babban yatsansa ya yi baƙi yana shirin fita.

Inna Ittu ta ce, "Sau nawa ka faɗi yau?"

"Ban faɗi ba, Inna. Gaisawa nake da ƙasa."

"To ta ishe ka gaisuwa, ɗan nema. Kana cin sallun kuwa?"

Tuda kuwa hannayenta biyu ta damƙe igiyar da su, don kada su kai gare shi.

Duk abin da muke tsoro shi ne ranar doguwar tafiya, wadda ake haɗa zango biyu a yi a tashi ɗaya. Gwanaye kaɗai ke isa da sauran haske. Saura sai su kunna tocilar goshi su ci gaba. Ga Bassu tocila da babu duk ɗaya ne. Dabararsa ita ce ya ƙure ƙafarsa tun safe ya shiga sansani kafin rana ta faɗi, kuma da ya kusa yin hakan. Sai da azahar iska ta taso daga kudu, ja wur, ta haɗe sama da ƙasa. Alƙalan tsere suka tsayar da kowa a tasha har ta lafa. Muna cikin mota mun rufe gilashi rairayi na dukan ƙarfe, Tuda na kallon inda rana ya kamata ta kasance, leɓunanta na motsi.

A tashar ruwa ta ƙarshe muka jira shi. Daga nan zuwa sansani sauran tafiya mai ɗan dama, kuma mafi munin hanya ce, cikin busasshen kogi mai duwatsu da ramukan da ruwa ya zaizaye. Rana ta taɓa kan dutse, ta nutse rabi, ta ɓace. Sai ga shi tafe, ba gudu ba, hannu ɗaya a miƙe gabansa. Ya yi karo da teburin ruwa har gorori suka zube.

Na matsa na yi ƙasa da murya. "Yaya Bassu, ya isa haka. Ka yi abin da ba wanda ya yi a garinmu. Mu tafi gida."

Ya juyo wajen muryata, bai daidaita da fuskata ba. Leɓensa duk ya tsage. "Ku kai ni gida ku yi yaya da ni, Ishu? Ku jingine ni da bango? In na hau motar nan yau, ba zan ƙara tashi ba. Na san kaina."

"To ta ina za ka bi? Ko hannunka ba ka gani."

Ya tsaya yana jujjuya kai kamar mai neman alƙibla, hawaye na bin ƙurar fuskarsa. Ban taɓa ganin Bassu na kuka ba sai ranar.

Tuda ta nufi alƙalin tashar, wani matashi ɗan Rabat mai rigar ruwan lemo. Ta ce, "Ɗana, an ce ba a ba su abinci, ba a taɓa su. Murya fa?"

Ya ce cikin girmamawa, "Wace murya, Lalla?"

"In na bi gefen hanya ina magana, bakina ne ko naku?"

Yaron ya dube ta, ya dubi Bassu, ya yi ta magana a rediyonsa. Daga ƙarshe ya ce kada ta hau kan hanyar tsere, kada ta haska fitila, kada ta taɓa shi. Ya ce sauran kuma ba a rubuta ba. Na kai Inna Ittu wurin wata motar ruwa da za ta sansani, na dawo da gudu na bi bayan yayata.

Takalman roba ne a ƙafarta, irin na zuwa rijiya. Akwai ɗan farin wata, da 'yan sandunan haske da aka kakkafa a matsayin alama, da su take ganin hanyar. Tana tafe a kan gaɓar kogin tana kallonsa a ƙasa. "Dama kaɗan. Miƙe. Ɗaga ƙafa, dutse ne. Ɗaga sosai mana! Hagu yanzu, hagu na ce, wanda ba ka cin abinci da shi!" Ita kanta ba ta duban gabanta. Ƙaya ta kama zanenta ta yaga, ta yi tuntuɓe ta tashi, bakinta bai tsaya ba. 'Yan tsere na wuce mu da tocilolinsu suna waiwaye. Takalminta ɗaya ya tsinke, ta jefar da shi. Na cire nawa na ba ta, suka yi mata yawa suna fita, ta yar mini da su ta ci gaba da ƙafa.

A wata kwana gaɓar ta yi tsayi, ta kasa hango ƙasa sosai. Ta ce masa miƙe, ashe rami ne. Muka ji faɗuwarsa da ƙarar jakarsa, sai shiru.

"Baban Izza?"

Shiru.

Na yunƙura zan sauka, ta riƙe mini riga har wuyan ya shaƙe ni. "In ka taɓa shi ka kashe shi." Ta durƙusa a bakin gaɓar, ta kira sunan da ban taɓa jin ta kira a gaban mutane ba. "Bassu! Bassu, ka tashi! Wallahi in ka mutu a ramin nan ba zan yi maka takaba ba! Ka bar ni da uwarka da bakinta? Ka tashi, ragon banza, mai kafa wa wasu inuwa! Ka tashi ka dube ni!"

Can muka ji tari, sannan muryarsa ƙasa-ƙasa. "In dube ki da me?"

Ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ya rarrafo ya fito, goshinsa a fashe, jini na shiga masa ido. Ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure da kansa, tana gaya masa inda ciwon yake. Suka ci gaba. Ba a yi nisa ba muryarta ta fara dishewa, ta koma kamar ana goga ƙarfe da dutse, sannan ta ɗauke gaba ɗaya. Tana buɗe baki iska kawai ke fita. Na karɓa, amma ni ban iya ba, sai na ce dama alhali hagu nake nufi. Ya ƙara faɗuwa. Da na waiwaya, can nesa a bayanmu na hango fitilar masu raƙuma tana lilo.

A nan Allah ya kawo Si Larbi. Dattijo ne ɗan Maknas, tsohon ma'aikacin gidan waya, gajere mai tumbi, wanda kullum a ƙarshe-ƙarshe yake shigowa yana surutu shi kaɗai. Ya haske Bassu da tocilarsa, ya ga idanun ba su ƙifta ba, ya haske mu a kan gaɓa.

Ya ce, "La ilaha illallahu. Ɗan'uwa, tun yaushe kake tafiya a haka?"

"Tun magariba."

"Su wane ne waɗancan masu ihu?"

"Matata ce da ƙaninta. Ita ta iya, shi jaki ne."

Si Larbi ya juya masa baya. "Kama igiyar jakata. Ɗan tsere na iya taimakon ɗan tsere, wannan kam na sani. Amma ka sani ni kunkuru ne, kuma ina da labarai da yawa."

Haka suka tafi, gajere a gaba dogo a baya. Tun kafin mu ga fitilun sansani muka ji guɗa tana tsaga jeji, ba ta yankewa. Bassu ya tsaya cak ya ce, "Inna ce." An ce tunda ta sauka daga motar ruwa take tsaye a bakin igiya tana rangaɗa ta, an ba ta kujera ta ƙi.

Washegari ranar hutu ce, kuma a ranar asiri ya tonu. Likitar da ta ɗinke masa goshi ta haska idonsa, ta kira shugaban alƙalai, suka cire lambar da ke ƙirjinsa. Suka ce ba za su bar makaho ya shiga tudun rairayi ba, in ya ɓata wa zai amsa. Gaskiya suka faɗa, ni ma na sani. Bassu na zaune a kan gadon asibitin tanti, bai yi musu ba, sai kansa da ya sunkuya a hankali.

Aka bar mu muka shiga. Tuda na raɗa mini a kunne ina faɗa da ƙarfi, har da abin da ban so faɗa ba, zancen rijiya. Shugaban ya ce ya tausaya, amma doka doka ce. Sai Inna Ittu ta shimfiɗa mayafinta a ƙofar tantin, ta zauna ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

Ta ce, "Ku gaya wa Nasaran nan, ni ce na fi kowa ƙin wannan haukan. Amma yaron nan ya kafa muku ɗakin kwana shekara da shekaru, ba ku taɓa tambayar ko yana gani ba. Ku mayar masa da tsummansa, ko ku tsallake ni."

Leburorin tanti suka taru a bayanta, Mbarak a gaba. Si Larbi ya kutso da ƙafafunsa naɗe da bandeji, ya ce a ɗaure su da igiya ɗaya, in ɗaya ya fita duka sun fita. "Ni ba ni da ƙafa, shi ba shi da ido. In kun haɗa mu za ku samu mutum guda." Aka daɗe ana shawara. Daga baya aka mayar da lambar, da sharaɗin igiyar, aka kuma ƙara masa lokaci a matsayin horo saboda ɓoye ciwon.

Zangon ƙarshe cikin tudun rairayi ne, babu dutse, rana tsaka. A nan Bassu kamar a gidansa yake. Daga kan wani tudu muka hango su, shi ne a gaba yana jan dattijon kamar mai jan sa mai taurin kai, Si Larbi na faɗuwa yana zaginsa yana tashi. Suna cikin na ƙarshe da suka tsallake layi. Aka rataya masa lambar yabo, bai ɗaga hannu ba, bai yi murmushi ba. Ya zauna a ƙasa ya yi amai, sannan ya tambaya ina Tuda. Tana tantin likita ana cire mata ƙaya daga tafin ƙafa. Ya sa na kai shi, ya zauna a ƙasa kusa da gadon ya riƙe mata idon sawu har aka gama.

Tseren bai warkar da komai ba. Bayan 'yan shekaru ganin ya rufe ruf. Akwai ranakun da yake tashi ba ya son jin muryar kowa, Tuda ta sha wuya da shi, muryarta ma ba ta dawo daidai ba har yau. Amma yana aiki. Mbarak na kawo masa tantunan da suka yage yana ɗinkewa da lalube, yana tufka igiyar kaba ana kai masa kasuwa, kuma shi ya yi tsaye a auren Izza ya karɓi baƙi.

Watan jiya aka bugo waya daga Maknas cewa Si Larbi na kwance, rabin jikinsa ya shanye. Bassu ya ce zai je. Na ce ya bari in gyara mota in kai su, ya ce motata ba za ta haye dutsen Tishka ba ko an tura ta. Na kai su tashar bas a Zagora, shi da Tuda da kwandon dabino. Yaron mota ya kama hannunsa zai ba shi kujerar gaba, Bassu ya ce a ba shi ta taga. Tuda ta harare shi ta ce me zai gani a taga. Ya ce iska zai sha, kuma ta daina yi masa faɗa a gaban mutane. Suna cikin wannan gardamar bas ɗin ta tashi.